Jerin Hasken Leza da Aikin Kai Saƙo a Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin jama'a, har ma a ɗakunan karatu, cewa wata rana za a ƙera kwamfutar da ke aiki da haske tsantsa, kuma wai za ta tsere wa ta lantarki domin babu abin da ya kai haske gudu. Gaskiya ne haske yana cin wajen kilomita 300,000 a sakan ɗaya cikin sarari. Amma in an sa shi cikin zaren gilashi gudunsa ya kan ragu zuwa wajen kilomita 200,000, saƙon lantarki kuwa a cikin waya mai kyau kusan haka ya ke tafiya. Ashe ke nan ba gudu ne ya jawo hankalin masana ga haske ba.

Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana ainihin dalilin, ta nuna yadda a ke jera fitilun leza sahu-sahu domin su ɗauki saƙo daga wani sashen na'ura zuwa wani, sa'an nan ta faɗi inda dabarar ta ci nasara da inda ta tsaya. Siririn hasken da ke fita daga leza ya tafi miƙe, a nan an kira shi kibiyar haske. Ɗan guntun silikon da ke ɗauke da taransistoci, wanda shi ne ke yin lissafi, an kira shi ƙwayar lissafi.

1. Inda waya ta gaza

Aikin kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne hukunci, watau a dubi lambobi a tara su, ko a gwada su, ko a zaɓi ɗaya. Na biyu shi ne aike, watau a ɗauko lamba daga ma'ajiya a kai ta wurin hukunci, a mai da amsa inda a ke bukatarta. Taransista ce ke yin hukunci, wayar jan ƙarfe ce ke zuwa aike.

Tun daga shekarun 1960 a ke ta ƙanƙanta taransista, kuma duk sa'ad da ta ƙanƙance sai ta daɗa sauri, ta rage cin wuta. Waya ba ta sami wannan rabo ba. In an sirantar da ita sai ta ƙara tauye lantarkin da ke bi ta cikinta, in an tsawaita ta sai saƙo ya dushe kafin ya isa. A 1997 David Miller da Haldun Ozaktas suka nuna ƙa'idar abin da lissafi: yawan saƙon da waya ke iya ɗauka a sakan ɗaya yana bin kaurinta, amma in an ninka tsawonta sau biyu, abin da za ta ɗauka ya kan faɗi zuwa rubu'i. Ban da wannan, duk wayar da lantarki ke kai da komo a cikinta ta kan taɓa maƙwabciyarta, saƙon wannan ya yi inuwa a cikin na waccan.

Ga kuma batun wuta. Kafin waya ta isar da alama ɗaya, sai an cika ta da lantarki daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda mai ban ruwa ba ya kai ruwa ga fangalin ƙarshe sai ya jiƙa lambatu duka. A 2014 Mark Horowitz na Jami'ar Stanford ya ba da ƙididdigar da ta nuna ɗauko lamba ɗaya daga ma'ajiyar da ke wajen ƙwayar lissafi ya fi tara lambobi biyu cin wuta sau ɗaruruwa. Watau kuɗin ɗan aike ya fi na alƙali. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, gama Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 manyan gidajen kwamfutoci sun sha wajen kashi 1.5 cikin 100 na dukan wutar lantarkin da duniya ta yi amfani da ita.

2. Halin haske

Halin da ya sa haske ya dace da aike, an san shi tun shekara dubu da suka wuce. Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basara wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana wani gwaji a cikin littafinsa Kitabul Manaziri. An kunna fitilu da dama a wurare dabam-dabam, duka suna fuskantar kafa ɗaya da ke shiga wani wuri mai duhu. Sai ga haskoki a jikin bango daidai da yawan fitilun, kowane yana daura da fitilarsa. In an rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan yadda su ke. Daga nan ya tabbatar cewa haskoki ba su garwayuwa a cikin iska, ko da sun ratsa ta kafa guda.

Wannan shi ne tushen maganar duka. Wayoyi biyu ba su ratsa juna, dole ɗaya ta haye ɗaya da abin tsari a tsakani, in ba haka ba saƙo ya lalace. Kibiyoyin haske kuwa, ko dubu ne, suna iya gittawa ta wuri ɗaya kowace ta fita da saƙonta lafiya. Har wa yau, kibiya ba ta bukatar a cika hanya kafin ta isa. Wutar da za a kashe ta kunnawa ce da ta karantawa, nisan da ke tsakani bai cika ƙara kome ba. A 1984 Joseph Goodman na Stanford da abokan aikinsa uku suka buga wata maƙala da ta yi suna, inda suka ba da shawara a bar wa taransista hukunci, a miƙa wa haske aike.

3. Leza da jerinta

Hasken fitilar gida ba ya wannan aiki, domin launuka ne barkatai masu watsuwa ko'ina. Hasken leza launi ɗaya ne, yana tafiya fuska ɗaya, ana kuma iya tara shi a kan ɗigon da bai kai kaurin gashi ba. Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a 1960 a Kalifoniya, da sandar jan yaƙutu. A 1962 Robert Hall na kamfanin General Electric ya sami hasken leza daga ɗan guntun haɗin galiyam da asanik, abin da ya buɗe ƙofar yin leza ƙanana.

Sai dai waɗannan ƙananan leza na farko ta gefe su ke fitar da haske. Ana gina su a kan faifai, amma ba a iya gwada su sai an tsaga faifan, kuma ba su jeruwa sai a sahu guda. A 1977 Kenichi Iga na Cibiyar Fasaha ta Tokyo ya yi tunanin wata iri mai fitar da haske ta fuskarta, tsaye zuwa sama. Ya nuna ta farko a 1979 cikin sanyi mai tsanani, sa'an nan a 1988 shi da abokan aikinsa suka sa ta yi aiki ba yankewa a cikin zafin ɗaki. A 1989 wata ƙungiya a ƙarƙashin Jack Jewell, daga ɗakunan bincike na Bell da na Bellcore a Amurka, ta nuna irin wannan leza fiye da miliyan ɗaya a kan ƙaramin guntu guda.

Ginin wannan leza kamar ɗaki ne mai madubi a ƙasa da madubi a rufi. Kowane madubi an yi shi ne da shimfiɗu sirara na sinadari iri biyu, wannan bisa wancan, sau gommai, har su mai da fiye da kashi 99 cikin 100 na hasken da ya faɗa musu. A tsakiyarsu akwai wani ɗan falle da ke haifar da haske in lantarki ya ratsa shi. Hasken ya kan yi ta kai da komo tsakanin madubai yana daɗa ƙarfi, ɗan abin da ya tsere ta rufi shi ne kibiyar. Yawancin waɗanda a ke aike da su suna ba da haske mai tsawon zango na nanomita 850, wanda idon mutum ba ya gani, gama ganin ɗan Adam ya kan tsaya ne wajen 700.

Amfanin wannan gini a fili ya ke. Tun da ya ke ta sama haske ke fita, ana iya shuka leza a kan faifai kamar yadda a ke shuka gero a kunya-kunya, a gwada kowace tun ba a yanka faifan ba. An saba barin mikiromita 250 tsakanin ɗaya da ɗaya, watau rubu'in milimita, domin su yi daidai da zarurrukan gilashi da a ke jerawa goma sha biyu a ɗamara ɗaya. Kowace leza ana kunna ta ana kashe ta sau biliyoyi a sakan ɗaya. Kunnawa ita ce 1, kashewa ita ce 0. A ɗaya gefen kuma akwai jerin idanun lantarki, masu mai da walƙiyar haske ta koma saƙon da taransista ke ganewa.

4. Yadda a ke bi da kibiyoyi

Samun kibiyoyi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne kowace ta sami ƙofarta. Dabarun da a ke bi sun kasu uku.

Ta farko ita ce kafaffiyar hanya. A kan sa gilashin tara haske tsakanin jerin leza da jerin idanu, ya ɗauki hoton jerin farko ɗungum ya aza a kan na biyu, kowace leza ta sami idonta. Gilashi ɗaya ke nan ya yi aikin wayoyi ɗaruruwa. In kuwa ana so saƙo ɗaya ya je wurare da yawa, sai a sa wani gilashi mai tsaga-tsaga sirara wanda Hans Dammann da abokin aikinsa Görtler suka bayyana a 1971 a ɗakin bincike na Philips a Hambug ta Jamus. Kibiya ɗaya ta kan shiga, ta fita ta zama jerin kibiyoyi masu ƙarfi daidai wa daida.

Ta biyu ita ce allon ruwan kiristal, irin sinadarin da ke cikin fuskar agogon hannu mai lamba. An raba allon gida-gida, kowane gida yana jinkirta hasken da ya faɗa masa gwargwadon lantarkin da aka ba shi. In an tsara jinkirin daki-daki, kibiyar ta kan karkata zuwa inda a ke so ba tare da wani abu ya motsa ba. Kamfanonin sadarwa suna amfani da irin wannan allo wajen rarraba launukan haske a mahaɗar zarurrukansu.

Ta uku ita ce ƙananan madubai masu juyawa, waɗanda a ke sassaƙawa daga silikon, kowane bai fi ƙwayar gero ba. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana haska rana da madubi a jikin bango ya san asalin dabarar. A kan jera madubai a allo biyu. Kibiya ta fito daga zarenta ta faɗa kan madubinta a allon farko, shi kuma ya karkata ya jefa ta kan madubin ƙofar da a ke nufi a allo na biyu, wannan ya miƙar da ita ta shiga zaren fita. A 1999 kamfanin Lucent ya nuna na'ura irin wannan mai madubai 256 a allo.

Lissafi kaɗan zai nuna ribar da ke ciki. In ana so a haɗa ƙofofin shiga 136 da na fita 136, ta yadda kowace za ta iya samun kowace, kuma aka bi tsarin saƙa na zare tsaye da zare kwance, to sai an yi mahaɗa 136 sau 136, watau 18,496. Da madubai kuwa 272 sun isa, domin kibiyoyin suna gitta juna a sararin da ke tsakanin allunan, kamar dai fitilun Ibnul Haisam.

5. Misali daga gidajen kwamfutoci

Wannan adadi na 136 ba na ƙage ba ne. A 2022 kamfanin Google ya bayyana cewa ya yi shekaru yana haɗa sassan gidajen kwamfutocinsa da akwatunan madubai masu ƙofofi 136 a kowane gefe. A da, a kowace babbar mahaɗa sai an mai da haske lantarki, a karanta, a sāke mai da shi haske, kuma kowane juyi yana cin wuta. A cikin akwatin madubai kuwa haske ya kan shiga ya fita yana haske. Madubi bai damu da saurin walƙiyar da ke bi ta kansa ba, saboda haka in an sāke leza aka kawo masu sauri, akwatin ba ya bukatar sauyi.

A 2023 kamfanin ya ba da bayanin wata babbar na'urarsa ta koyar da ƙirƙirarriyar basira, mai ƙwayoyin lissafi 4,096 na samfurin TPU na huɗu. An raba su rukuni 64, kowane rukuni ƙwaya 64. A cikin rukuni, inda tafiya gajera ce, wayar jan ƙarfe ce ke aike. Tsakanin rukuni da rukuni kuwa haske ne, ta cikin akwatunan madubai 48. In wani rukuni ya sami matsala, sai a juya madubai a kewaye shi, aiki ya ci gaba. Bisa ga bayaninsu, kayan hasken duka ba su kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin na'urar ba, ba su kuma kai kashi 3 cikin 100 na wutar da ta ke sha ba.

6. Wahalolin aikin

Wahala ta farko ita ce saiti. Cibiyar zaren gilashin da a ke aike mai nisa da shi wajen mikiromita 9 ce, gashin kai kuwa ya kan kai 70. Ƙa'ida ce in madubi ya karkata da wani gwargwado, kibiya ta karkata ninki biyu. To, in madubi ya kauce da kashi ɗaya cikin 100 na digiri guda, bayan tafiyar santimita 10 kibiyar ta bauɗe da wajen mikiromita 35, ta wuce ƙofarta gaba ɗaya. Zafi kaɗan da ya miƙar da ƙarfe, ko girgizar fanka, ya isa ya jawo haka. Shi ya sa a akwatunan Google aka sa wani haske dabam na tsaro da na'urar ɗaukar hoto, suna duban madubai kullum ana gyara tsayuwarsu.

Ta biyu ita ce bazuwa. Iyakar sirancin kibiya iyakar saurin bazuwarta, saboda haka ba a iya cusa kibiyoyi ba iyaka a ƙaramin wuri a kuma kai su nesa.

Ta uku ita ce jinkirin madubi. Juyawarsa ta kan ci kashi kaɗan cikin 1,000 na sakan. A idon mutum wannan ƙiftawa ce, amma hanyar da ke ɗaukar alamu biliyan 100 a sakan za ta wuce da alamu miliyan 100 a cikin kashi ɗaya kaɗai. Bugu da ƙari, madubi ba ya karanta abin da ke bi ta kansa, ba ya kuma iya tsare haske ya jira hanya ta buɗe. Mahaɗar lantarki kamar akawun gidan waya ce, mai duba adireshin kowace wasiƙa ya jefa ta a jakarta. Akwatin madubai kuwa kamar mai canza layi ne a tashar jirgin ƙasa: ya kan saita hanya tun jirgi bai zo ba, dukan taragai su bi, bai san abin da ke cikinsu ba. Kowane da ranarsa, kuma manyan gidajen kwamfutoci da su biyun su ke aiki.

7. Abin da ya hana haske yin hukunci

An gwada ba haske hukunci, ba a bar shi a zato ba. A 1984 David Miller da abokan aikinsa a ɗakunan bincike na Bell suka ƙera wani ɗan makunni da haske ke buɗewa da rufewa. A watan Janairu na 1990 Alan Huang da ƙungiyarsa a can suka nuna na'urar lissafi da aka gina da jerin waɗannan makunnai, kibiyoyin leza suna ɗaukar amsa daga jeri zuwa jeri ta cikin gilasai. Na'urar ta yi aiki, amma bugu wajen miliyan ɗaya ta ke yi a sakan, abin da bai kai na kwamfutar tebur ta wannan lokaci ba. Kafin a gyara ta, silikon ya yi nisa.

Dalilin yana komawa ne ga gwajin fitilu. Hukunci ba ya yiwuwa sai saƙo ɗaya ya taɓa wani, ya buɗe masa hanya ko ya toshe. Lantarki yana yin haka da sauƙi domin ƙwayoyinsa suna ture juna. Haske kuwa ba ya taɓa ɗan'uwansa sai an sa wani abu a tsakani, kuma yawanci sai da haske mai ƙarfi. Halin da ya sa ya zama amintaccen ɗan aike, shi ne ya hana shi kujerar alƙali. A 2010 Miller ya jera sharuɗɗan da makunnin haske zai cika kafin ya yi gasa da taransista: abin da ya fitar ya iya tuƙa na gaba da shi, ya ishi aƙalla biyu, ya tsabtace saƙon da ya dushe, kada kuma amsa ta komo baya ta dami mai aikowa. Taransista ta cika waɗannan duka da wuta ƙalilan.

Akwai dai wani lissafi guda da ya dace da halin haske. A 1978 Goodman da abokan aikinsa suka jera fitilu, ƙarfin kowace yana wakiltar lamba. Aka baza hasken kowace a kan allo mai tagogi, wasu masu duhu wasu masu haske, aka tara abin da ya ratsa a kan jerin idanu. Rage haske da taga ta yi shi ne ninkawa, taruwarsa a ido shi ne tarawa, kuma duka a tafiya ɗaya. Irin wannan ninkawa da tarawa ita ce mafi yawan aikin ƙirƙirarriyar basira, shi ya sa aka komo kan dabarar; a 2023 masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Masacuset suka nuna gwajinta da jerin leza masu fitar da haske ta fuska. Amma amsar awo ce, kamar ta mudu, ba ƙidayar ƙwaya ɗaya-ɗaya ba, kuma ajiya da yanke shawara suna hannun lantarki.

Kammalawa

Abin da ya tabbata shi ne rabon aiki. Taransista ta riƙe hukunci da ajiya, haske yana karɓar aike sannu a hankali: ya fara da hanyoyin sadarwa masu nisa, ya shigo tsakanin gine-gine, ya kai tsakanin akwatunan kwamfuta, ga shi ana ƙoƙarin kai shi bakin ƙwayar lissafi kanta. A kowane mataki awo ɗaya ne ke yanke magana, watau nisan da wutar juya saƙo zuwa haske ta fi wutar cika waya arha.

Malamin da ke so ɗalibansa su kama tushen ba ya bukatar kayan tsada. Kyandir uku, da kwali mai ƙaramar huda, da ɗaki mai duhu sun isa. A jera kyandirori a gefe ɗaya, a dubi ɗigo uku a bango, a sa ɗalibi ya tare na dama da tafin hannu, sauran su ga ɗigon hagu ne kaɗai ya ɓace. Sa'an nan a tambaye su abu biyu: me ya sa wannan ya dace da kai saƙo, me kuma ya sa ba za a iya kashe ɗigon wani kyandir da hasken wani ba.